Surar Itace a Kan Takarda: Daga Lambun Kew zuwa Dajin Kebbe

A lambun Kew da ke gefen birnin Landan akwai wani ɗaki da aka buɗe a shekarar 1882, wanda in ka shiga ba ka ganin bango, sai surorin itatuwa da furanni guda 832 manne da juna, kuma dukkansu aikin hannun mace ɗaya ne, Marianne North, wadda ta gina ɗakin da dukiyarta ta bar wa al'umma. An haife ta a garin Hastings a 1830, kuma bayan rasuwar mahaifinta a 1869, da ta ga Allah ya hore mata gado da lafiya, sai ta ƙudura niyyar bin tsirrai har inda suke tsirowa. Daga 1871 ta taka Jamaika da Barazil da Japan da Indiya da Ostiraliya da Afirka ta Kudu, ba ta ajiye tafiya ba sai da jiki ya gaza, ta rasu a 1890.

Abin da ya bambanta ta da masu zanen zamaninta shi ne ba ta yarda a tsinko mata reshe a ɗora kan farar takarda shi kaɗai ba. Takan zana itacen a mazauninsa, da ƙasar da ya kafu a kanta, da tsuntsu ko ƙwaron da ke ziyartarsa. Kuma saboda tsananin kiyayewarta, har ta kai wani tsiro mai tulu da ke kama ƙwari, wanda ta zana a tsibirin Borniyo, masana ba su san da shi ba sai a zanenta, aka aika aka nemo shi, masanin tsirrai Joseph Hooker ya raɗa masa sunanta a 1881.

Wannan baiwar Allah ba ta taɓa zuwa ƙasar Hausa ba. Wanda ya yi wa itatuwanmu hidima mafi kusa da tata shi ne likita J. M. Dalziel, wanda ya tattara tsirrai a Arewa, ya fitar da ƙamus na sunayensu da Hausa a 1916, har masana suka jingina sunan itacen hano da sunansa. Tun kafin shi kuwa malamanmu sun rubuta ilmin ɗibbu, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa a kan maganin basur da na ciwon ido. Sai dai abin da muka gada daga waɗannan duka suna ne da fa'ida, alhali kamannin itacen yana cikin ƙwaƙwalwar tsofaffi, kuma wanda ya ji suna bai taɓa ganin mai sunan ba, yana iya sassaƙo ɓawon da ba shi ba ya jiƙa wa majinyaci.

Duk wanda ya bi hanya daga Tambuwal ya gangara kudu zuwa Kebbe da Kuci, inda ruwan sama ya fi na arewacin Sakkwato, ya san har yanzu akwai sauran kaɗanya da ɗorawa da marke da taura, ya kuma san buhunan gawayi da lodin itacen wuta da ke fitowa daga can. Ba na zargin talakan da ke neman abin sawa a bakin salati. Amma itacen da ya yi shekaru da dama kafin ya kai girma, gatari yakan kayar da shi a yini guda, kuma idan ya ƙare a wani yanki, yaran wurin za su tashi ba su san ko ganyensa ba.

Mai yiwuwa wani ya ce ai yau kowa da wayarsa, hoto ya wadatar. Hoto yana da amfaninsa, amma lokaci ɗaya yake kamawa, shi kuwa itace ba ya bayyana kansa a lokaci ɗaya. Dubi gawo, wanda yake zubar da ganye da damina sa'ad da sauran itatuwa suka yi kore, sa'an nan ya tofo da rani. Dubi furen kuka, fari tas, mai rataye kai ƙasa, wanda yake buɗewa da almuru don jemagu su sha ruwansa, kashegari ya yanƙwane. Hano kuma yakan yi fure ne bayan ganyensa ya kakkaɓe, ɓawonsa yana saɓulewa siriri siriri. Mai zane yana iya tara ganye da fure da ɗa da ƙwallo a shafi guda, ya tsaga furen ya nuna cikinsa, kuma kafin ya gama dole ya ƙidaya jijiyoyin ganyen da idonsa, wanda hakan shi ne tadabburi a cikin halittar Ubangiji.

Kada kuma a ɗauka wannan baƙon aiki ne a gare mu. Fuƙaha'u sun yi bayani a kan surar abu mai rai, amma surar itace an ruwaito halaccinta tun daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi. A ƙarni na 13 ma, wani likitan ƙasar Sham, Rashiduddini as-Suri, yakan tafi duwatsun Labanon tare da mai zane, ya sa shi ya suranta kowane tsiro yana ɗanye, da sa'ad da ya ƙosa, da bayan ya bushe.

Saboda haka ina ganin ya dace makarantun 'yan mata na Tambuwal da Kebbe su ɗauki wannan aiki, tun da yake mata ne suka fi sanin wace saiwa ake dafa wa mai jego, kuma 'yan matan da ke zana fure da lalle a tafin hannu ba su rasa ƙwarewar yatsu ba. Kowace ɗaliba ta zaɓi itace ɗaya a bayan garinsu, ta bi shi daga bazara zuwa bazara, ta rubuta sunansa da Hausa da Fulatanci, da wurin, da watan, da amfanin da kakarta ta faɗa mata, sa'an nan a kai kofi ga masana tsirrai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tantance shi.