HealthPlus: Daga Shago Ɗaya Zuwa Hannun Masu Jari

Duk wanda ke zuwa sari Legas daga nan Baguida ya san kantunan magani na HealthPlus. Wata masaniyar haɗa magunguna, Bukky George, ita ta buɗe na farko a Ikeja a 1999. Tsabta, magani mai inganci da ƙwararren ma'aikaci a bakin kanta suka jawo mata jama'a, rassa suka yi ta ƙaruwa.

Sai dai faɗaɗa kasuwa kuɗi yake ci. A 2018 kamfanin Alta Semper na Landan ya yi alƙawarin zuba dala miliyan 18. Zuwa 2020 rigima ta ɓarke kan wa ke da iko, har gaban kotu. A 2022 kamfanin mPharma na Gana ya sayi kaso mafi tsoka.

Ni dai a shekara 30 da na yi ina kasuwa, na ga kuɗin abokin tarayya da igiyarsa yake zuwa. Kafin ka karɓa, ɗan'uwa, a zauna gaban shaidu a rubuta kason kowa, wa ke yanke shawara, da yadda za a rabu in an saɓa. Kada kunya ta hana ka neman takarda, ko da mai jarin surukinka ne.