Yadda Za a Ƙara Ƙarfin Wi-Fi a Gida

Sau da yawa a unguwarmu ta Nasarawa, ɗalibi yakan zauna duba sakamakon JAMB, sai intanet ta tsaya cik, a ɗora wa kamfani laifi. Alhali kuwa galibi wurin da aka ajiye akwatin Wi-Fi ne sanadi. Saƙonsa a iska yake tafiya kamar na rediyo, kuma bangon bulo, ƙofar ƙarfe da ruwan randa duk suna rage masa ƙarfi. Don haka a rataye shi sama a tsakiyar gida, nesa da zafin rana. Zangon 2.4 GHz ya fi ratsa bango, na 5 GHz kuwa ya fi sauri daga kusa. Iyayenmu, kafin ku sayi sabo, ku fara sauya masa wuri.