Rarar Kuɗi a Hannu: Injin Katako ko Bindiga?

A Barnawa, kamar sauran unguwannin kudancin Kogin Kaduna, da zarar magidanci ya kwashi adashi, ko kuɗin sallamarsa ya fito, masu ba da shawara ba sa yanke masa. Wani zai ce ya nemi abin da zai riƙa kawo na cefane, ko da injin yankan katako ne, tunda bishiya ba ta ƙarewa a gari. Wani kuma ya sassauta murya ya ce a zamanin nan namiji ba ya kwana hannu rabbana, gara ya nemi ƙarfe ya ajiye. Kayan biyu duk suna cin kuɗi mai kauri, kuma duk suna iya zubar da jini. Hanyar raba gardama ita ce a ɗora su a ma'auni ɗaya: kwana nawa kowanne zai yi aiki a shekara, me zai ci bayan an saye shi, kuma wa zai biya idan aka yi kuskure.

Sai dai kafin a zargi mai son bindiga, a yi masa adalci, domin tsoronsa na da tushe. Rahoton tsaro na gwamnatin Jihar Kaduna ya nuna cewa a 2020 an kashe mutum 937, an sace 1,972, a 2021 kuma adadin ya haura zuwa 1,192 da aka kashe da 3,348 da aka sace. A watan Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka. A watan Yulin shekarar aka shiga makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachia, hanyar da mutumin Barnawa ke hawa da zarar ya wuce Sabon Tasha. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Wanda ya ga wannan duka ya ce zai nemi makami, ba hauka yake ba. Abin dubawa shi ne ko bindigar za ta ba shi abin da yake nema.

Cikas na farko doka ce. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, irin su AK-47, haramtattu ne ga kowa sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta, irin mai baki biyu, sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Harba-ka-ruga kuwa tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini. Masana'antar ƙera makamai ta DICON na nan a Kakuri tun 1964, maƙwabtaka da Barnawa, amma don jami'an tsaro aka kafa ta. Saboda haka yawancin masu cewa za su sayi bindiga, kasuwar bayan fage suke nufi, wato wurin dillalan da su ne ke kai wa 'yan bindiga kaya. Mutum ya ɗauki guminsa ya ƙara wa wannan kasuwa jari, sannan ya koma gida da abin da zai sa gabansa ya faɗi duk lokacin da motar 'yan sanda ta tsaya a layinsu. Da yana tsoron ɓarawo kaɗai, yanzu ya ƙara da tsoron hukuma.

A ɗauka ma an samu lasisin. Masu garkuwa da mutane kan zo ne da yawa, cikin dare, da manyan makamai, kuma su ke zaɓar lokaci. Mutum ɗaya da ya farka a firgice, riƙe da bindigar da bai taɓa koyon harbi da ita ba, harbinsa na farko na iya mai da sata ta zama kisa. Wannan dare kuma mai yiwuwa ba zai taɓa zuwa ba, amma bindigar na gidan kullum: ranar da yara ke bincike a ƙarƙashin gado, ranar da aka yi cacar baki da maƙwabci kan kwata, ranar da ƙanen maigida ya dawo tsakar dare ya haura katanga. Binciken da Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1993 ya gano cewa haɗarin kisa a gidan da ke da bindiga ya kusa ninka na gidan da babu sau uku, kuma galibi daga hannun ɗan uwa ko makusanci. Za a ce Amurka daban, Kaduna daban. Haka ne, amma fushi da ƙuruciya da kuskuren cikin duhu ba su da ƙasa.

Hujja mafi ƙarfi ta masu son makami ita ce gwamnoni da kansu sun faɗa. A 2021 Aminu Bello Masari ya nemi Katsinawa su tanadi makamin kare kai, a watan Yuni na 2022 kuma Bello Matawalle ya ce a ba Zamfarawa lasisi, har Babban Hafsan Tsaro Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Amma da ƙauyukan bakin daji suke magana, inda ofishin 'yan sanda ke da nisan tafiyar sa'o'i, ba da unguwar tsakiyar birni ba. Can ɗin ma darasin ɗaci ya bari. Kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi ba tare da shari'a ba na cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya a Zamfara, har gwamnatin jihar ta taɓa haramta su. Garin Kaduna da ya ga rikicin 2000 da na 2002 da na 2011, har kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabta, ya fi kowa sanin abin da jita-jita za ta haifar idan kowane gida na da harsashi.

Injin katako kuwa kayan sana'a ne. Tun da Andreas Stihl ya fara ƙera shi a Jamus a 1926, amfaninsa ɗaya ne, ya gama a sa'a guda abin da gatari zai wuni yana yi. Barnawa na da tsofaffin mangwaro da darbejiya da malaina, kuma duk farkon damina iska kan karya rassa a kan rufi da katanga da wayar lantarki. Makarantu da masallatai da coci-coci na neman mai rage musu rassa, masu gini na neman mai share fili. Injin da ya samu aiki ko sau biyu a mako zai fara mai da kuɗinsa, ranar da aka gaji da shi kuma a sayar da rana tsaka a gaban shaidu. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yana shan fetur da ake gaurayawa da man inji, fetur kuwa ya yi tsada tun cire tallafi a watan Mayu na 2023. Sarƙarsa na son wasawa da canji, jabu ya cika kasuwa, kuma idan bakinsa ya ci karo da ƙusa yakan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Wanda bai zauna gaban gwani ya koya ba, bai tanadi hular kwano da takalmi da abin toshe kunne ba, asibiti yake tara wa kuɗi.

Akwai kuma ƙorafin da ba a kau da kai gare shi, cewa wannan inji shi ke cinye dazukanmu. Gaskiya ne, manyan kuɗin na cikin katako da gawayi, kuma nan tarkon yake. A 2021 gwamnatin Kaduna ta hana sare itatuwa don kasuwanci a ƙananan hukumomi bakwai, ciki har da Birnin Gwari, Chikun, Giwa, Igabi, Kachia da Kajuru, kuma dalilin tsaro ta bayar. Wanda ya ɗauki inji ya nufi waɗannan dazuka, ko dai ya kai kansa hannun masu garkuwa, ko ya zama mai biya musu haraji don su bar shi ya yi aiki. Nan ne kayan biyu suka haɗu: bindigar bayan fage da injin da ya shiga daji, aljihu ɗaya suke cikawa. Inji na da albarka ne muddin aikinsa na cikin gari, da yardar mai bishiya da izinin hukumar gandun daji inda ake buƙata, kuma ana dasa wata a madadin wadda aka kayar.

Idan zaɓin tsakanin biyun ne kawai, injin ya fi, domin yana da ranakun aiki, doka ta san da shi, kuskurensa kuma galibi kan mai shi yake tsayawa, ba ya ratsa katanga ya sami ɗan maƙwabci. Amma wanda bai lissafa gidaje goma da za su kira shi aiki ba, kada ya saya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tsoron da ya kawo zancen bindiga kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙofar layi mai kwaɗo, fitilu masu aiki da hasken rana, albashin 'yan sintirin da mai unguwa da 'yan sanda suka san da su, da lambobin wayar maƙwabta, duk kaso kaɗan na kuɗin bindiga za su ci idan aka yi karo-karo. Layi mai haske da mutanensa suka san juna ya fi wa ɓarawo wuyar shiga fiye da gida ɗaya mai bindiga a tsakiyar duhu.