Jiragen Yaƙi a Kan Tebur: Wasa Ne Ko Karatu?

Duk wanda ya ga dattijo ya duƙufa a kan jirgin ruwan da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, yana ɗaura masa zare siriri kamar gashi, zai yi zaton yarinta ce ta dawo masa. Ina cikin masu wannan sha'awa ta tara ƙananan jiragen yaƙi na zamanin filafilai, kuma a nawa ganin karatu ce da ta yi shigar wasa.

Ana ƙera jiragen da dalma ko roba, galibi bisa ma'aunin 1:1200. Wato shahararren jirgin Ingila, HMS Victory, mai igwa 104, wanda har yau yake ajiye a Portsmouth, ba zai kai santimita 6 ba. Mai tarawa shi zai yi masa fenti, ya kafa filafilai, ya ja igiyoyi, ya liƙa tuta. Daga nan sai a shimfiɗa shuɗin ƙyalle a kan tebur a matsayin teku, a sa alamar inda iska take kaɗawa, a auna tafiya da abin awo, a jefa ɗan lido domin sanin ɓarnar da igwa ta yi.

A nan darasin yake. Jirgin filafilai ba ya fuskantar iska kai tsaye, kuma igwoginsa a gefe suke. Saboda haka wanda iska ke bayansa shi ke zaɓar lokacin da za a gwabza. Mutum zai karanta wannan sau goma, amma ba zai shige shi ba sai ranar da ya ga rundunarsa ta kasa juyowa, abokin karawa yana cinye masa jirage ɗaya bayan ɗaya. Gani ya kori ji.

Mai shakka ya tuna da John Clerk, ɗan Sikotland wanda bai taɓa aikin sojan ruwa ba. Da ƙananan jirage a kan tebur ya yi nazarin yadda za a tsinka layin abokan gaba a tare wani sashe nasu, ya kuma buga littafi a kan haka a 1790. Masana na jayayya kan iyakar tasirinsa, amma irin wannan dabara Nelson ya yi amfani da ita a Trafalgar ranar 21 ga Oktoba, 1805, inda jiragensa 27 suka murƙushe 33 na Faransa da Sifen.

Sai dai akwai abin da tebur yake ɓoyewa, kuma shi ne ƙorafina ga 'yan uwana masu tarawa. Kowa na neman Victory, ba mai tambayar abin da rundunonin suke karewa. Yaƙin Saintes na 1782, alal misali, an yi shi ne domin kada Jamaika ta kuɓuce wa Ingila, tsibirin da arzikinsa rake ne da guminsa na bayi. Irin waɗannan filafilai ne kuma suka kwashi mutanenmu zuwa Bahia ta Barazil, inda aka bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a 1807.

Shi ya sa na fi daraja wani ɗan ƙaramin jirgi, Black Joke. Asalinsa na fataucin bayi ne, sojojin ruwan Ingila suka kama shi a 1827 da mutum fiye da 500 a cikinsa, suka mai da shi mafarautin jiragen bayi. Wanda ya jera jiragen Trafalgar sittin bai bar wa irin wannan gurbi ba, ya tara kayan ado ne kawai, tarihin kuwa ya bar rabinsa a teku.