Gyaɗa da Cakulan a Faranti Ɗaya: Yadda Ake Haɗa Su da Sharuɗɗan Haɗin

A cikin kayan zaƙin da matan zamani suka tsinta a wayoyin hannu, suke kuma jarrabawa a ɗakunan girkinsu na unguwannin birnin Sakkwato, akwai wani da mutanen Amurka ke ji da shi matuƙa, wanda ake ginawa hawa uku a faranti mai ɗan zurfi: a ƙasa daɓen dakakken biskit, a tsakiya niƙaƙƙiyar gyaɗa da aka buga da madara, a bisa kuma narkakken cakulan da aka bari ya daskare. Su can fai suke ce masa. Wanda ya gan shi a hoto zai zaci sai an yi aron kayan Turawa kaf kafin a iya shi, alhali kuwa ginshiƙinsa gyaɗa ce, wadda babu wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli a garin nan da ba ta fi marubutan littattafan girki sanin halinta ba. Ba ya bukatar tanda, ba ya bukatar gwaninta mai yawa. Sharuɗɗansa biyu ne, kuma su ake yawan tsallakewa: gyaɗa mai lafiya, da sanyin da zai kama shi.

Gyaɗa da koko (wato 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su, ba kokon kamu ba) dukansu baƙi ne a nahiyarmu, daga Amurka ta Kudu asalinsu yake, kuma jiragen ruwan Turawa ne suka tsallako da su. Gyaɗa ta sami ƙasar Hausa ta zauna daram, har lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta gadan-gadan, aka riƙa tara buhunanta dala-dala ana jiran jirgi. Sakkwato kuwa dogo bai taɓa isowa gare ta ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929 bayan ya ratsa Gusau, saboda haka can gyaɗar lardin nan take gangarawa. Koko shi kuma ya kama ƙasa a yankin Yarabawa, da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Ibadan da ake kira Gidan Koko, wanda aka gama a 1965. Waɗannan amfanin gona biyu suna cikin manyan abubuwan da suka ɗauki nauyin Nijeriya kafin arzikin man fetur, sai fari na farkon shekarun 1970 da kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya kasuwar tamu. Abin da ke ba ni takaici shi ne, duk tsawon zamanin da muka yi muna loda su a jirgi, ba a ƙasarmu suka gamu ba; a Amurka, wani mutum mai suna H. B. Reese, a garin Hershey na jihar Pensilbeniya, ya fito da wata alewa da ta haɗa su a 1928, har ta zama abin da yaran Amurka ke tashi da ɗanɗanonsa.

To, mu fara da gyaɗar, domin a nan ne hatsarin yake, kuma a nan ya wajaba a dakata. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a gonakin Ingila ba tare da an san dalili ba, da masana suka bi diddigi sai suka tarar abincin da aka ba su an haɗa shi da tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Burazil, wadda wata irin fumfuna ta kama. Dafin da fumfunar nan ke fitarwa shi aka raɗa wa suna afilatoksin. Tana son gyaɗar da fari ya wahalar a gona, da wadda ƙwari suka huda, da wadda aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, da wadda ta kwana a ɗaki mai laima lokacin damina. Illar dafin ga hanta take, sannu a hankali yake aikinsa shekara da shekaru, kuma likitoci sun tabbatar yana daga cikin musabbaban sankarar hanta, musamman ga wanda ke ɗauke da cutar hanta nau'in B. An kuma danganta shi da tsumburewar yara. Mafi munin al'amarin, wutar suya ba ta kawar da shi gaba ɗaya, niƙa kuwa ɓoye shi take yi, domin ƙwayar da ido zai ƙi a faifai, idan ta shiga inji ta gauraya da 'yan'uwanta, babu sauran mai iya shaida ta. Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma haramun ne, amma uwargida ba za ta jingina lafiyar 'ya'yanta ga tsoron Allah na wanda ba ta sani ba. Shawarata ita ce ta sayi gyaɗarta ɓararriya a Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa, ta baza a faifai da rana tsaka, ta tsince duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta fashe, ko ta yi ƙura-ƙura mai kore, ta zubar da su, kada ma ta ba kaji. Wannan tsinta da ake rainawa tana rage dafin ƙwarai, domin a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan yake taruwa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani magani mai suna Aflasafe wanda manomi ke watsawa a gona don ya danne muguwar fumfunar, amma mai saye a kasuwa ba shi da hanyar sanin wace gona aka sa wa, saboda haka faifai bai faɗi ba.

Idan an tsince, sai suya, a kasko da yashi mai tsabta, da wuta marar ƙarfi, ana juyawa har cikin ƙwayar ya yi ruwan zuma. Ƙamshin da ke tashi a wannan lokaci ba ya cikin ɗanyar gyaɗa. Zafi ne ke haɗa sukarinta da sinadarin gina jikinta su haifar da shi, kamar yadda wani Bafaranshe mai suna Maillard ya bayyana a 1912. Irin wannan canji ne ke faruwa ga 'ya'yan koko idan aka gasa su, wannan na daga cikin hikimar da ta sa ɗanɗanon biyun ke jituwa, ɗacin ɗaya ya tare maiƙon ɗaya. A murje, a sheƙe jan ɓawon, a kai niƙa. Sai dai a roƙi mai inji ya wanke injinsa tukuna, domin gyaɗa ba ta yafe wa attarugun da aka markaɗa kafin ita.

Daɓen ƙasa ba shi da wuya. A daka biskit marar zaƙi sosai kimanin giram 200, a kwaɓa shi da narkakken bota ko man shanu giram 90, a danne shi a gindin faranti da gefensa da bayan cokali. Na fi son a maye kashi ɗaya cikin uku na biskit ɗin da dakakken ƙuli-ƙuli marar yaji, yana ƙara masa garɗi. Hawa na tsakiya, mutanen Amurka da wani cuku mai laushi suke yinsa, wanda samunsa a nan sai an sha yawo da tsada, alhali kindirmo yana biyan bukata: a sami na dafaffiyar madara, a juye a ƙyalle mai tsabta, a rataye a wuri mai sanyi har ruwansa ya tsane ya yi kauri. Kofin shayi ɗaya na wannan, da kofi ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa, da rabin gwangwanin madara mai kauri mai zaƙi, da gishiri ɗan kaɗan, a buga su har su zama abu guda, a shimfiɗa a kan daɓen. Kada a manta da gishirin, shi ke fito da zaƙin fili ba tare da an yi israfin sukari ba.

Cakulan kuwa yana da ɗabi'u biyu da ya kamata a sani. Ba ya jure wuta kai tsaye, nan da nan yake ƙonewa, don haka a kakkarya giram 150 a kwano, a ɗora kwanon a bakin tukunyar ruwan zafi, tururi ya narkar da shi. Sa'an nan ɗigon ruwa ɗaya yana iya ɓata shi, domin sukarin da ke cikinsa sai ya jiƙe ya dunƙule, abin ya koma curi-curi. Amma idan tun farko an zuba masa madarar ruwa mai ɗumi wadatacciya, kamar cokali shida, sai sukarin ya narke sarai, ya fito sumul yana sheƙi. Wanda bai sami cakulan na sanda ba, ya dama garin koko zalla da bota da sukari da madara. Garin shayi irin su Bournvita da Milo ba za su yi wannan aiki ba, domin an riga an haɗa su da sukari da madara da tsiron hatsi, kuma ba su da kitsen da zai daskare.

Kitsen nan shi ne sirrin sharaɗi na biyu. Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, kuma mai ne wanda ba ya daskarewa sai sanyi ya kusa na ƙanƙara, don haka ba shi ke tsayar da wannan abin zaƙi ba. Bota da kitsen koko su ne ke riƙe da shi. Kitsen koko yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin ɗan Adam wanda yake 37, dalilin da ya sa cakulan ke narkewa a harshe ke nan. Sakkwato kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafinta yakan haura digiri 40 a inuwa. Ke nan abin da mutumin Pensilbeniya zai ajiye a kan tebur baƙi su yanka a tsanake, a nan bazara za ta mayar da shi kunu tun kafin a gama sallama. Dole ya sami awa huɗu a firij, in da hali ya kwana, kuma tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, a tanadi kula da ƙanƙara, a rufe farantin da kyau kada ruwa ya taɓa shi. Wata dabara kuma ita ce a sa tunkuza, wadda aka riga aka matse wani kaso na manta, a madadin rabin niƙaƙƙiyar gyaɗar. Tsakiyar takan fi tsayuwa.

Saboda haka ni a ganina lokacinsa hunturu ne, Disamba da Janairu, sa'ad da dare ke yin sanyi, iska ta bushe, sabuwar gyaɗar kaka kuma ta cika kasuwa ba ta kai ga kwana a rumbu mai laima ba, farashinta ma da sauƙi. Idan za a yanka, a tsoma wuƙa a ruwan zafi a goge, sa'an nan a yi yanka ƙanana, domin abu ne mai nauyi, faranti ɗaya ya ishi mutum goma. Mai ciwon sukari ya yi hattara da shi, haka nan yaron da aka san jikinsa na yin borin gyaɗa, da kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, kada a ba shi ko ɗanɗane. Abin da ya rage a mayar da shi sanyi nan take, a cinye cikin kwana biyu, tun da akwai kindirmo a ciki; in kuwa wuta ta ɗauke kuma babu ƙanƙara, a raba wa maƙwabta tun a ranar.