SUKUWAR ZAMANI: TSEREN MOTAR DA BA TA BARIN WURINTA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Haɗeja ranar hawan salla ya san yadda zuciyar saurayi kan tashi idan dawaki suka zabura a guje. Amma fa sukuwa ta mai doki ce, doki kuwa sai mai hali. Haka tseren motoci yake a ƙasashen Turai, har ma ya fi, domin kuɗin da ake kashewa kafin yaro ya ƙware ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. To, ga wata na'ura ta zo ta sassauta wannan ƙofa, wato na'urar kwaikwayon tuƙi, wadda akan girka a wuraren baje koli da manyan kantuna, jama'a su yi layi kowa yana gwada gwanintarsa.

Ga yadda abin yake. Kujera ce irin ta motar tsere, da sitiyari da totur da birki, sai allo a gaba mai nuna hanya. Kwamfuta ce ke lissafin nauyin mota da gudunta da yadda taya ke kama kwalta, a cikin sitiyarin kuma akwai ɗan inji mai sa shi tauri ko girgiza, har direba ya ji a hannunsa cewa mota za ta kwace. Akan ba kowa 'yan mintoci, a rubuta lokacin da ya ɗauka kafin ya kewaye fili, wanda lokacinsa ya fi gajarta shi ne zakara. Sau da yawa abin da ke raba na ɗaya da na biyu bai kai daƙiƙa guda ba. Baƙo yakan ɗauka taka totur shi ne gwaninta, sai ya iske kansa a jikin shinge tun a kwanar farko. Gwani shi ne wanda ya san inda zai taka birki kafin kwana, da inda zai saki. A nan ma dai sauri kan haifi nawa.

Kada mai karatu ya zaci wasan yara ne. A shekarar 2008 kamfanin Nissan da na Sony suka buɗe gasar GT Academy, inda aka riƙa zaɓen gwanayen wasan Gran Turismo, wasu ta intanet, wasu a bainar jama'a, a kai su filin Silverstone na Ingila a danƙa musu motar gaske. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Sifen, Lucas Ordonez, shi ya fara cinyewa, kuma a 2011 ya zo na biyu a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. A shekarar nan ta 2011 Jann Mardenborough, wanda ya tashi a birnin Cardiff, ya kayar da 'yan takara wajen 90,000, sa'an nan a 2013 ya zo na uku a ajinsa a Le Mans. A 2023 kuwa Kwamitin Wasannin Olamfik da kansa ya sa irin wannan tsere cikin gasar da ya shirya a Singafo.

Sai dai akwai abin da allo ba ya koyarwa. A watan Maris na 2015, a filin Nurburgring na Jamus, motar Mardenborough ta tashi sama a kan wani tudu, ta tsallake shinge, ɗan kallo guda ya rasa ransa. A gaban allo, in mutum ya yi karo, maɓalli zai danna ya sake sabon lale. A kan kwalta babu wannan maɓallin.

Wannan shi ne abin da ya shafe mu. A ƙasar Haɗeja samari da dama a tasha suke koyon tuƙi, daga karen mota zuwa direba, kuskurensu na farko kuwa a kan hanyar Kafin Hausa ko ta Malam Madori suke yinsa, ɗauke da fasinja da buhunan shinkafa, a hanyoyin da ambaliyar kogi kan cinye gefensu, kamar yadda aka gani a 2022. Ina laifin a ce kuskuren nan a gaban allo aka fara yinsa? Da makarantu irin su Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗeja da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa za su haɗa gwiwa da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, su girka irin wannan na'ura a ranakun bukukuwansu, da saurayi ya gane da idonsa nisan da mota kan yi bayan an taka birki, ba tare da an zubar da jinin kowa ba.

Wanda ya ci gasar a ba shi kofinsa, a tafa masa. Amma a gaya masa gaskiya, gudun ya bar shi nan kan kujerar. Allah Ya kiyaye hanya, amin.