Manazarta Mai Tsokaci: Jera Sunaye Kaɗai Bai Isa Ba

Idan malami ya ce wa ɗalibi ya kawo jerin manazarta mai tsokaci, ba sunayen littattafai kaɗai yake nema ba. Bayan an rubuta sunan marubuci da shekara da take da maɗaba'a, bisa tsarin da sashe ya amince da shi, sai a biyo da 'yan layuka ƙarƙashin kowane aiki: me marubucin ya ce, ta wace hanya ya gano, kuma me zai tsinana wa binciken da ake yi. Wanda ya yi karatun zaure ba baƙon wannan ba ne, ya saba ganin ta'aliƙin malamai a gefen shafi.

Mu ɗauka ɗan Bakori ne yake rubutu a kan noman auduga da masara a yankin Funtuwa da Malumfashi. Da wuya ya tsallake littafin Polly Hill, Rural Hausa, na 1972. Amma a Batagarawa ta yi aikinta, daf da birnin Katsina, inda damina ba ta kai ta kudu ƙarfi ba, ƙasar kuma ta fi rairayi. Tsokacin kirki zai faɗi haka ƙarara: littafin yana da amfani wajen fahimtar gandu da talaucin manomi, amma kada a ɗauki alƙalumansa a jingina wa manomin yankin Funtuwa. Shi kuwa Paul Clough, wanda littafinsa ya fito a 2014, a Marmara ta ƙasar Malumfashi ya zauna a ƙarshen shekarun 1970, yana bin yadda ake fataucin hatsi da bashi tsakanin mutanen ƙauye. Wannan na gida ne, sai dai a nuna cewa farashin da ke ciki na wancan zamani ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rahotannin hukuma. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya fara a 1975 da rancen Bankin Duniya. Rahoton da mai ba da rance ya rubuta a kan shirinsa abin karantawa ne, amma fa mai kaya ne yake bayanin kayansa, kuma wajibi ne tsokaci ya ambaci haka, a kuma gwada shi da binciken Cibiyar Nazarin Aikin Gona ta Samaru. A lura kuma, sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Takardun da suka gabaci wannan shekara ƙarƙashin Jihar Kaduna ko Lardin Katsina za a same su.

Wasu ɗaliban kwafo taƙaitaccen bayanin farkon maƙala suke yi daga intanet su liƙa. Malami yana ganewa nan take, domin babu ko kalma ɗaya a ciki da ta taɓo tambayar ɗalibin. Don haka, ɗan'uwa, abin da ba ka buɗe ka karanta ba, kada ka sa shi a jerinka.